Mai Zaɓen Goro a Aboabo

Gwaggo Azumi ba ta sakaya ƙofar rumfarta,
ko ranar da ruwan Kumasi ya sauko kamar da bakin ƙwarya.
Takan ce, "Goro, in ka toshe shi, zufa zai yi ya ruɓe.
In ka shanya shi a sarari, ya koma itace.
Ganye ake sa masa, ɗana, ganye mai laima,
iska ta shiga, rana ta tsaya a waje."

Bencinta bai taɓa korar kowa ba.
Batonen da ke wa'azi da lasifika a bakin tasha,
ɗan Frafra mai tura amalanke,
malamin da ya dawo daga gabas da sabon karatu,
har ni, da na fara jami'a,
bakina cike da "bincike ya nuna".
Tana ji.
Hannunta kuwa yana cikin kwando,
ta ɗauki ɗaya, ta auna a tafi, ta juya shi wajen haske.
"Sankara ba ta shiga da ganga," in ji ta,
"huda ce kamar ta allura,
kuma ta fi son goron da ya fi sheƙi."

Shekarar da mai farar riga ya zo,
ƙamshin turarensa na riga shi sallama,
ya ce sidi ɗari zai zama ɗari uku kafin azumi,
ya jawo aya ya jingina da maganar,
rabin matan layinmu sun kwance bakin zane.
Gwaggo ta ba shi ruwa, ta ba shi marsa biyu,
ta saurare shi har aka kira la'asar.
Sannan ta ce, "Malam, a wace gona kuɗin ke kwana su haihu?"
Ya yi dariya, ya ƙaro wata ayar.
Ta ce, "Ayar na karɓa, dama tawa ce.
Gonar nake tambaya."

Kada ku ce ba ta taɓa kuskure ba.
Maame Serwaa, mai sayar da giya a bayan kwata,
ta taɓa leƙowa ta ga ƙafar Baba Ɗantani,
ta ce da gurguwar Hausarta,
"Wannan ciwon suga ne, ku kai shi asibiti yau."
Gwaggo ta dubi bakin da ya faɗa,
ta shaƙi warin da ke jikin zanen,
ta ce an gode.
Wata biyu ana jiƙo, ana turare, ana shafi.
Ranar da aka kai shi, likita bai yi dogon magana ba.
Baba ya dawo gida da sanda, takalmi ɗaya.

Ba ta cika tada zancen ba.
Sau ɗaya, muna ɗaure huhu da dare, ta ce,
"Na zubar da goron kirki
don ganyen da ya naɗo shi bai yi mini ba."
Ta ja igiya har ta yi ƙara.
Washegari na ga Maame Serwaa a kan bencin,
ana zuba mata koko.

Yanzu idonta ya yi hazo, yatsun ne ke gani.
Makon jiya na kawo mata wata magana daga wayata,
irin wadda ke zaga Zango kafin a sauke tukunya.
Ta ce in sake karantawa. Na sake.
Ta ce, "Wa ya faɗa? Shi kuma wa ya gaya masa?
In ƙarya ce, aljihun wa zai cika?"
Ban da amsa.
Ta fasa goro, ta miƙo mini ɓari.
"Ci. Ɗaci ba shaidar ruɓa ba ne,
zaƙi ma ba ya rantsuwa."

Kwana uku maganar na ajiye a wurinta.
Jiya da zan wuce ta kira ni:
"Zancen nan naka, na ɗauki rabi.
Sauran ka bar shi a kwando tukuna,
ban gama juya shi ba."